Ruwan damina da zaftarewar ƙasa: amsoshin tambayoyin da mutanen Sakkwato suka fi yi

Duk shekara, da zarar marka ta kama aka fara ganin hotunan ƙauyukan da ƙasa ta binne a Indiya ko Nefal ko Kamaru, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa daga magina, manoman fadama, direbobin tifa, da iyayen da 'ya'yansu ke karatu ko kasuwanci a ƙasashe masu tsaunuka. Mun tattara su a nan, daga mai sauƙi zuwa mai zurfi.

Mece ce zaftarewar ƙasa, kuma me ya raba ta da zaizaya da ambaliya?

Zaftarewa ita ce wani yanki na ƙasa, ko dutse, ko laka, ya rabu da jikin gangare ya sauko ƙasa gaba ɗaya saboda nauyinsa. Zaizaya kuwa ruwa ne ke cin ƙasa kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara, har ya haƙa kwazazzabo. Ambaliya ruwa ne ya fi ƙarfin hanyarsa ya malala. Ukun suna haifar da juna: zaizaya ta ci gindin gaɓa, gaɓar ta zaftare, abin da ya zaftare ya toshe rafi, rafin ya yi ambaliya.

Mene ne monsun ɗin nan da ake yawan ambata? Daminarmu tana cikinsa?

Tana ciki. Monsun iska ce mai juya alƙibla bisa ga lokaci, kuma asalin kalmar daga Larabci ne, mausim, wato lokaci na shekara. A bazara doron ƙasa yana ɗumama fiye da teku, sai iska mai ɗauke da danshi ta taso daga tekun ta shigo cikin ƙasa. A wajenmu iskar tana fitowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, tana ture busasshiyar iskar Sahara zuwa arewa. Ta kan isa Legas da Kalaba tun Maris, amma ba ta zauna sosai a Sakkwato sai Yuni, ta cika a Agusta, ta ja da baya a ƙarshen Satumba. Hunturu shi ne juyawarta.

Na Indiya ya fi namu ƙarfi nesa ba kusa ba. Yakan sauka jihar Kerala wajen 1 ga Yuni, ya mamaye ƙasar zuwa Yuli, kuma tsakanin Yuni da Satumba ake samun kusan kashi 3 cikin 4 na ruwan shekara duka. Ruwan shekara ya taru a cikin wata huɗu, wannan shi ne tushen matsalar, can da nan.

Me ya sa wuraren tsaunuka suka fi samun ruwa?

Idan iska mai danshi ta ci karo da tsauni, ba ta da hanya sai sama. Tana hawa tana sanyi, kusan digiri 6 a kowace mita 1,000, kuma iska mai sanyi ba ta iya riƙe danshi da yawa, sai ta juye shi a gefen da ta fara bugawa. Ɗaya gefen yakan zauna a bushe. Shi ya sa Mawsynram da Cherrapunji a arewa maso gabashin Indiya ke samun sama da milimita 11,000 a shekara, ƙauyen Debundscha da ke gindin Dutsen Kamaru kuma wajen 10,000. Sakkwato a shekara mai kyau tana tsakanin 600 da 700. Abin da muke samu a damina guda, wani gangaren can yana iya shanye shi a kwana biyu ko uku.

Ta yaya ruwa ke kayar da gangaren da ya yi shekaru aru-aru a tsaye?

Abu biyu ne ke riƙe ƙasa a jikin gangare: ƙwayoyinta suna cije da juna, kuma akwai ɗan danƙo a tsakaninsu. Duba yaran da ke gina ɗaki da yashi a kan ƙafarsu. Busasshen yashi ba ya ginuwa. Mai ɗan danshi yana tsayawa kyam har a zare ƙafar. Ƙara masa ruwa ya ƙoshi, sai ya narke ya baje. Ɗan danshi manne ne, ruwan da ya cika kowane gurbi kuwa yana ture ƙwayoyin daga juna, cizon ya saki.

Ga kuma nauyi. Ƙasa mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, idan a bushe take tana kai tan ɗaya da rabi, wato buhun siminti 30. Idan ta ƙoshi da ruwa tana kusantar tan 2, buhu 40. Kaya ya ƙaru a daidai lokacin da ƙarfin riƙo ya ragu.

Na uku shi ne wanda ido ba ya gani. Ƙasa hawa-hawa take. Sau da yawa sama yashi ne ko tsakuwa mai shan ruwa da sauri, ƙarƙashi kuma yumɓu ko dutse wanda ruwa ba ya ratsawa. Ruwan ya nutse har ya tarar da yumɓun, ya kwanta a kansa, fuskar yumɓun ta yi santsi kamar an zuba miyar kuɓewa a faranti. A kan wannan layin ne duk abin da ke sama zai zame. Mai tsaye a waje zai ga ciyawa kore shar, ƙasa lafiya lau, alhali mita biyu a ƙarƙashinsa an riga an shafa mai.

Ruwa nawa ne ke isa ya jawo zaftarewa?

Babu adadi ɗaya da ya dace da ko'ina, domin irin ƙasa da tsayin gangare sun bambanta. Abin da masana ke dubawa biyu ne: ruwan da ya sauka yau, da wanda ya taru a ƙasa cikin makonni biyu zuwa huɗu da suka wuce. Milimita 60 a farkon Yuni, kan ƙasa mai ƙishi, yawanci ba ya yin komai sai zaizaya. Irin wannan 60 ɗin a ƙarshen Agusta, bayan mako guda ana mamako, shi ne ke cika ƙwarya. A Wayanad ta jihar Kerala, kafin zaftarewar 30 ga Yuli 2024 da ta kashe mutum sama da 200, an auna fiye da milimita 500 cikin kwana biyu, a kan ƙasar da ta riga ta sha ruwan wata biyu.

Don a gane ma'aunin: milimita 1 na nufin lita 1 a kan kowace murabba'in mita. Rufin gida mai murabba'in mita 100, a ruwan milimita 50, yana tara lita 5,000, durom 25 ke nan. Tambayar ita ce ina indararo ke kai su. Duba amsar tambayar aikin ɗan'adam da ke gaba.

An ɗauke ruwa tun jiya, rana ta fito, amma gaɓa ta faɗi yau. Yaya haka?

Ruwa yana ɗaukar sa'o'i, wani lokaci kwanaki, kafin ya nutsa ya isa layin santsin da muka bayyana a sama. A bakin gulbi kuma akwai wani dalilin: lokacin da gulbi ya cika, ruwansa yana tokare gaɓa. Idan ya janye da sauri, ya bar gaɓa jiƙe, mai nauyi, babu abin jingina. Masu gona da masu wanki a bakin gulbin Rima su fi yin hattara a kwanakin da ruwa ke ja da baya, ba ranar da ya kawo kaɗai ba.

Duk zaftarewa iri ɗaya ce?

A'a, kuma sanin bambancin yana da amfani wajen gudu. Akwai faɗowar duwatsu daga bangon tsauni, ba sallama. Akwai zamewa, inda babban yanki ke motsawa a dunƙule, wani lokaci a hankali har ana ganin tsaga tana buɗewa kwana da kwanaki. Akwai rarrafe, santimita kaɗan a shekara, wanda ke karkatar da katanga da turakun lantarki. Mafi kisa ita ce kwararar laka: ƙasa da duwatsu da itatuwa sun gauraya da ruwa kamar kwaɓin kankare, su bi kwari da gudun da ke iya wuce kilomita 50 a sa'a. Irinta ce ta sauko daga tsaunin Sugar Loaf a kan unguwar Regent ta Firitawun, Saliyo, da safiyar 14 ga Agusta 2017, mutum sama da 1,100 suka mutu ko suka ɓace. Da yawansu ba a jikin tsaunin suke zaune ba, a bakin hanyar ruwa suke, can ƙasa.

Mu a Sakkwato ba mu da manyan tsaunuka. Ina ruwanmu da wannan?

Gaskiya ne ba za a ga irin ta Nefal a nan ba, kuma babbar barazanar daminarmu ambaliya ce, kamar ta 2010 da ta cinye hanya da gadar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Amma gaɓa mai tsayin mita 3 ta isa ta binne mutum, kuma irinta ba ta ƙirguwa a jihar nan: bakin kwazazzabai, gaɓar gulbi, ramukan da aka ɗebi ƙasar gini, wuraren haƙar yashi da marmara, tsofaffin rijiyoyi.

Tuddanmu ma suna da nasu hali. Ƙasar yankin Sakkwato shimfiɗe take hawa-hawa, yashi da yumɓu da farar ƙasa irin wadda ake haƙa a Kalambaina, sannan hular marmara mai tauri a sama. Dubi tuddai masu shafaffen kai da ke wajen Dange, Wurno da Gada. Ruwa yana cin laushin da ke ƙarƙashin hular, marmarar ta zauna a rataye, wata rana ta karye ta gangaro a manyan gutsattsari. Duwatsun da ake gani zube a gindin irin waɗannan tuddai ba wani ya kawo su ba. Daga sama suka zo, kuma inda suka tsaya yana nuna inda na gaba zai iya kaiwa.

Wane aikin ɗan'adam ne ya fi jawo ta?

Yanke gindin gangare shi ne na farko. Mutum ya sayi fili a jikin tudu, ya sa a sare ƙasan don a samu fili daidai, ya bar bango a tsaye a bayan ɗaki. Abin da ya kwashe shi ne abin da ke tokare na sama. Hanyoyin mota da ake yankawa a jikin tsaunukan Nefal da arewacin Indiya ba tare da magudanar ruwa ba haka suke yi, sai dai nasu ya fi girma. Na biyu shi ne ɗora kaya a saman gaɓa: tulin ƙasar da aka haƙo, tankin ruwa, bulo, bola. Na uku sakin ruwa a jikin gangare: indararo, ruwan wanka, bututun famfo mai yoyo, masai ko ramin dagwalo da aka haƙa dab da baki. Bututu mai ɗiga yana yi wa gangare damina ta wata goma sha biyu.

Cikon ƙasa ma abin tsoro ne. Kwazazzabon da aka cike da shara da ƙasa aka sayar a matsayin fuloti bai zama ƙasa ta asali ba, ruwa bai manta hanyarsa ba. A unguwar Gouache ta Bafoussam, Kamaru, inda ƙasa ta binne mutum sama da 40 a Oktoba 2019, gidajen a jikin gangare aka yayyanka aka gina su.

Waɗanne alamomi ne ke nuna ƙasa ta fara motsi?

A saman gangare, nemi tsaga a ƙasa mai bin gefen baki, sau da yawa a lanƙwashe kamar jinjirin wata, musamman idan ɓangare ɗaya ya ɗan sauka ƙasa da ɗayan. A tsakiya, itatuwa da turakun lantarki da shinge suna karkata. A gindi, ƙasa tana kumburowa, ko ruwa yana tsattsafowa daga inda ba a saba ganinsa ba. A cikin gida, ƙofa da taga sun fara cijewa, tsaga ta fito daga kusurwar taga ta yi sama a karkace, daɓe ya rabu da bango, matakala ta janye daga jikin gini.

Alamomin minti na ƙarshe daban ne: tsakuwa tana gangarowa ita kaɗai, ƙarar karyewar saiwa, rugugi kamar tirela na zuwa. Rafi ya rikiɗe ya zama jajir da laka farat ɗaya, ko kuma, wanda ya fi muni, ruwansa ya ragu alhali ana tsaka da ruwan sama. Wannan na nufin wani abu ya toshe shi a sama. A Jure ta Nefal, a Agusta 2014, zaftarewa ta datse kogin Sunkoshi har ya zama tafki, aka kwashe mutanen da ke ƙasa da shi don tsoron ɓallewa.

Na ga tsaga a bayan gida. Ta yaya zan san ko tana ƙaruwa?

Kafa turaku biyu na ƙarfe, guntun rodi ya isa, ɗaya a kowane gefen tsagar, zurfin rabin mita. Auna tsakaninsu da tef, daga alama ɗaya kullum, safe da yamma, ka rubuta da kwanan wata. A bango kuwa, shafa ɗan siririn kwaɓin siminti a kan tsagar ka rubuta ranar a gefe. Idan ya sake tsagewa, motsi bai tsaya ba. Abin lura ba girman tsagar ba ne, saurinta ne: milimita 2 a mako, sannan 2 a rana, sannan 2 a sa'a. Da zarar ka ga sauri yana ƙaruwa, a fitar da iyali a daren, a yi shawara daga baya.

Kada a bar ruwa ya shiga tsagar. A cike ta da yumɓu a daddanna, ko a rufe da leda mai kauri a danne gefunan, a kuma haƙa 'yar gwata a sama da ita don karkatar da ruwa gefe. Wannan sayen lokaci ne kafin injiniya ya zo.

Ma'aunin ruwan sama ma ba ya buƙatar kuɗi. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, a ɗora shi a fili nesa da rufi da itace. Zurfin ruwan da rula ta nuna shi ne milimitocin da suka sauka. A zubar kullum da safe bayan an rubuta.

Zan yi gini kusa da gaɓa ko gindin tudu. Tazara nawa zan bari?

Ƙa'idojin gini da yawa suna farawa da rabin tsayin gangaren idan kana ƙasa, da kashi ɗaya cikin uku idan kana sama. Wannan mafi ƙaranci ne, kuma an yi shi ne don gangaren da ba ya motsi. A bakin kwazazzabo mai ci, mu dai ba mu yarda da ƙasa da ninki biyu na zurfinsa ba, domin bakin na bana ba shi ne na baɗi ba. Tambayi dattawan unguwa inda bakin yake shekara goma da suka wuce, ka lissafa da kanka.

Idan dole sai an yanka, kada a bar bango a miƙe. A kwantar da shi: kowace mita 1 ta tsayi a ba ta mita 1.5 zuwa 2 ta kwance. Idan ya wuce mita 3, a yi shi matakala-matakala, kowace da gwatarta. Kada a gina a bakin kwari ko da ya yi shekaru a bushe. Kuma a je ganin fili a Agusta, ba a Maris ba. Dillali ya fi son nuna fili da rani, yana da dalilinsa.

Maƙwabcina ya gina katangar tare ƙasa da bulo mai inci 9, ta kife a damina ta biyu. Me ya faru?

Kusan kullum amsar ita ce ruwa bai samu mafita ba. Katangar ta zama madatsa, kuma ba a gina ta don riƙe ruwa ba. Katangar tare ƙasa tana buƙatar ramukan fitar ruwa: bututun roba mai inci 2 ko 3, kowace mita 1 zuwa 1.5, layin farko dab da ƙasa, a ɗan sunkuyar da su waje. A bayanta a zuba tsakuwa mai kaurin santimita 30 daga gindi har kusa da sama, a sa raga ko buhu a bakin bututun ta ciki don kada laka ta toshe. Mai gida da yawa yana ganin ramukan sun ɓata kwalliya, ya sa a toshe su da filasta. Ya rufe hancin katangar ke nan.

Bulo mai rami, ba rodi ba kankare a ciki, katangar shinge ce kawai. Duk abin da ya wuce mita 1.2 zuwa 1.5 yana son lissafin injiniya, da harsashi mai faɗi da rodin da ya taso daga cikinsa. A inda dutse ke da araha, kejin waya da ake cikawa da duwatsu ya fi dacewa da bakin kwazazzabo, domin ruwa yana ratsa shi, kuma yana lanƙwasawa ba tare da ya karye ba. Rauninsa tsatsa, da masu kwance waya.

Dasa itatuwa ya isa magani?

Yana taimakawa ga zaftarewa marar zurfi. Yawancin saiwoyi suna ɗaure mita 1 zuwa 2 na sama ne kawai, saboda haka idan layin santsi yana mita 10 a ƙasa, daji da itatuwansa za su tafi tare. Wani abin da ba a cika sani ba: idan aka sare itatuwa, haɗarin ba a shekarar yake ƙaruwa ba, sai bayan wasu shekaru da saiwoyin suka ruɓe suka bar ramuka.

A ƙasarmu ciyawa mai zurfin saiwa ta fi saurin aiki. Jema da gamba, a dasa su layi-layi a gicciye da gangaren, tushe dab da tushe, a farkon damina, a kare su daga dabbobi shekarar farko. Bagaruwa da dogon yaro a ja su baya da baki. Babban itace a kan leɓen gaɓa, idan iskar hadari ta kaɗa shi, ya zama sandar ɓanɓarewa.

Masu haƙar yashi, ƙasar gini, rijiya da ma'adinai fa?

Su ne suka fi kowa shiga haɗari a yankinmu, daga ramukan yashi na gefen gari har ramukan zinariya na Zamfara. Kuskuren ɗaya ne ko'ina: a ci gindin bango a bar sama a rataye don ya faɗo da kansa a huta da sara. Yana faɗowa kuwa, sai dai ba ya duba ko an matsa. A riƙa ɗiba daga sama zuwa ƙasa, matakala-matakala. Ramin da ya wuce ƙirjin mutum, wajen mita 1.2, ana kwantar da bangonsa ko a tokare shi da katako. Ƙasar da aka fitar a ajiye ta aƙalla mita 1 daga baki, tifa kuma kada ta matso baki tana girgiza ƙasa mutane na ciki. Kada a shiga rami washegarin ruwa mai yawa, kada a fake a ƙarƙashin rataye, kuma a bar mutum ɗaya a sama yana kallon baki.

Idan na ji ta taho, ina zan nufa?

Gefe, sannan sama. Kada ka bi gangare ƙasa kana tsere da ita, ta fi ka gudu. Fita daga kwari da hanyar ruwa. Idan ba halin fita daga gida, koma ɗakin da ya fi nisa da tudun, ko bene idan akwai, ka dunƙule ka kare kai. Yawancin waɗanda suka mutu a Wayanad cikin barci abin ya same su, tsakar dare. Don haka a daren mamako, gidan da ke gindin gaɓa ko dai a kwana wajen dangi, ko a bar wani a farke, kuma yara kada su kwana a ɗakin da ke jingine da bangon ƙasa.

Ƙasa ta rufe mutum. Me za mu yi kafin taimako ya zo?

Kafin kowa ya sa hannu, a dubi sama. Bangon da ya saki sau ɗaya yakan sake. A Gofa ta kudancin Habasha, a Yuli 2024, mutane sun taru suna tono waɗanda zaftarewar farko ta binne, ta biyu ta sauko a kansu, mutum sama da 200 suka rasu. A sa mutum ɗaya ba ya komai sai kallon gaɓa, da usur ko murya mai ƙarfi, kowa ya san ta inda zai fita. A rage taro, a hana tsayawa a kan tulin, domin nauyin masu kallo yana danne wanda ke ciki.

A kira 112 da jami'an kashe gobara, a sanar da maigari. A yi shiru lokaci-lokaci a saurara. A tona daga gefe da shebur, idan an kusa a koma hannu da kwano, ba diga ba, ba motar haƙa ba. A fara buɗe fuska da ƙirji, a share baki da hanci. Kada a finciko shi ta hannu alhali ƙafafu na binne. Wanda ƙasa ta danne na tsawon lokaci a kai shi asibiti ko da ya miƙe yana cewa lafiyarsa ƙalau, domin tsokar da ta matsu tana sakin gubar da ke lalata ƙoda bayan sa'o'i.

Ina tafiya Mambila, Jos, Obudu, Kamaru ko Indiya da damina. Me zan kiyaye?

Hawan Mambila daga Serti zuwa Gembu, da hawan Obudu, da hanyoyin yammacin Kamaru, duk yankakku ne a jikin tsauni. A hau su da rana. Kada direba ya tsaya gyara ko salla a ƙarƙashin yankakken bango, ya wuce zuwa fili. Sabbin duwatsu ko jar laka a kan kwalta na nufin abin bai daɗe da faɗowa ba. Idan ƙasa ta tare hanya, a ja baya da nisa a jira, kada a jeru a gindinta ana kallo. A Indiya, jihohin Kerala, Uttarakhand da Himachal Pradesh suna cikin wuraren da aka fi samun wannan tsakanin Yuni da Satumba, kuma hukumar yanayin ƙasar tana ba da gargaɗi da launi, ruwan ɗorawa, ruwan lemo, ja. Ɗalibin da ya ga ja a gundumar da zai je yawon hutu ya ɗage tafiyar.

Akwai wanda ke iya faɗin ranar da za ta faru? Wa za mu tuntuɓa a nan?

Ana iya faɗin wuri da lokacin haɗari, ba sa'a ba. Wurin da ya taɓa zaftarewa shi ne na farko a jerin zato. A Najeriya, hukumar kula da yanayi, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon shekara da gargaɗin ruwa mai yawa na kwanaki kaɗan, hukumar kula da koguna da ruwa, NIHSA, tana fitar da na ambaliya, NEMA da hukumar agajin gaggawa ta jiha kuma su ke da ceto da tallafi. Batun kwazazzabo mai cin unguwa na ma'aikatar muhalli ne. A rubuta koke ta hannun mai unguwa da hakimi, a haɗa da hotuna masu kwanan wata da awon turakun da muka bayyana a amsar tsaga. Takardar da ta ce baki ya matso mita 4 tsakanin Yuni da Satumba ta fi wadda ta ce muna cikin wani hali saurin motsa jami'i.

Sauyin yanayi yana ƙara abin?

Iska mai ɗumi tana riƙe danshi fiye da mai sanyi, kusan kashi 7 cikin 100 ga kowane ƙarin digiri 1, don haka idan ta juye tana juyewa da yawa. A yankin Sahel an lura cewa manyan hadura masu zubar da ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci sun ƙaru tun daga shekarun 1980. Ga mai gida ma'anar wannan ita ce gwata da kwalbatin da aka auna da ruwan zamanin da suna iya yin kaɗan, a faɗaɗa su idan ana sabon aiki, a kuma yashe su tun Mayu kafin ruwan farko.